Kundin Queen Na 1981: Yadda Tarin Tsofaffin Waƙoƙi Ya Fi Kowane Faifai Ciniki A Birtaniya

Kundin waƙar da ya fi kowanne ciniki a tarihin Birtaniya ba na Beatles ba ne, ba kuma na Michael Jackson ko Adele ba. Na ƙungiyar Queen ne, mai suna Greatest Hits, wanda ya fito ranar 26 ga Oktoba, 1981. A 2014 ya zama na farko da ya haura kwafi miliyan 6 a ƙasar, a 2022 kuma ya kai miliyan 7. Wani abin mamaki, babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Duk waƙoƙi 17 da ke ciki an riga an sake su tsakanin 1974 da 1980, gidajen rediyo sun sa su har sun gaji. Kamfani ne ya tattaro su, ya sa Lord Snowdon, tsohon mijin Gimbiya Margaret, ya ɗauki hoton mutanen huɗu, aka liƙa a bango, aka kai kasuwa. Kundin da ke bi masa a ciniki ma, Gold na ƙungiyar ABBA, irin wannan tarin ne.

Masu sharhin kiɗan rok ba su cika ganin girman irin wannan kundi ba. A wurinsu kayan 'yan dagaji ne, na wanda bai san ƙungiya ba sai waƙoƙinta biyu ko uku da ya tsinta a rediyon mota. Suna da hujja, ba raini kaɗai ba ne. Amma hujjar ba ta hau kan kowace ƙungiya daidai ba, kuma a ganina ta fi rauni a kan Queen.

Sai an fara sanin yadda kasuwar take kafin a fahimci rigimar. A shekarun 1970 waƙa tana fita ta hanya biyu. Akwai ƙaramin faifai, mai waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanda shi ake kai wa gidajen rediyo, shi ne kuma ke hawa jadawalin waƙoƙin mako. Akwai kuma babban faifai mai waƙoƙi kamar goma, wato kundi, mai ɗaukar minti arba'in ko sama da haka kaɗan. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 makaɗan rok suka fara ɗaukar babban faifan a matsayin ainihin aikinsu: su tsara wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe fuskar farko, wacce za ta bi wacce, wani lokaci ma labari ɗaya ne ke tafiya daga farko har ƙarshe. Tarin fitattun waƙoƙi kuwa ƙananan faifan yake bi, ya tsince waɗanda suka yi kasuwa, ya watsar da tsarin. Kamfani yana son sa don riba ce tsantsa: ba kuɗin situdiyo, ba jiran mawaƙi ya sami ilhama, ba fargabar ko jama'a za su karɓa tunda sun riga sun karɓa.

Ƙungiyar Eagles ta Amurka ita ce misalin da masu suka suka fi kawowa. A Fabrairun 1976 kamfanin Asylum ya fitar da Their Greatest Hits (1971–1975), mai waƙoƙi goma, ba da son ran 'yan ƙungiyar ba. Don Henley, mai ganga kuma ɗaya daga cikin manyan mawaƙansu, ya nuna rashin jin daɗinsa a fili, musamman ganin an ciro waƙoƙi daga Desperado, kundinsu na 1973 da aka gina kan labarin 'yan fashin yammacin Amurka na da, aka jera su kusa da waɗanda ba su haɗa komai ba. Duk da ƙorafin, wannan faifan ne ya fara samun shaidar platinum, wato sayar da kwafi miliyan ɗaya, da hukumar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ƙirƙiro a shekarar. Kuma a lura, Hotel California, waƙar da duniya ta fi sanin su da ita, ba ta ciki, don sai a Disambar wannan shekara ta fito.

Queen daban take. An kafa ta a Landan a 1970, ta cika mutum huɗu a 1971: Freddie Mercury mai rera waƙa da kaɗa fiyano, wanda aka haifa a Zanzibar a 1946 da sunan Farrokh Bulsara, Brian May mai jita, jitar da shi da mahaifinsa suka ƙera da hannunsu a gida, Roger Taylor mai ganga, da John Deacon mai jitar bes, wanda bai cika magana ba. Dukkansu huɗun suna rubuta waƙa, kuma kowa da inda ya dosa. Mercury yana son opera da kiɗan dandamalin wasan kwaikwayo na da, May yana son jita mai nauyi, Taylor yana son hayaniyar rok zalla, Deacon kuma kunnensa yana wajen kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Saboda haka kundin Queen tun asali ba ya tafiya kan layi ɗaya. Wanda ya sa A Night at the Opera na 1975 zai ji waƙar zambo mai zafi da Mercury ya yi wa tsohon manajansu, sai ɗan kiɗan ban dariya irin na shekarun 1920, sai waƙar Taylor ta son mota, sai ta soyayya da Deacon ya yi wa matarsa. Ƙungiyar da kundinta na asali ma haɗe-haɗe ne ba ta yin asarar kirki idan aka sake haɗa waƙoƙinta ta wata fuska. Babu wani labari da aka yanke a tsakiya.

Wannan bambancin salo shi ne ƙarfin kundin 1981. Yawancin tarin fitattun waƙoƙi suna gundura tun kafin a kai rabi, don kasuwa takan so abu ɗaya daga ƙungiya, ita kuma ta yi ta maimaita shi. A nan kuwa faifan yana buɗewa da Bohemian Rhapsody, waƙa mai kusan minti shida wadda ba ta da amshi ko ɗaya, mai farawa a hankali da muryoyi zalla sannan fiyano, ta shiga opera, ta faɗa jita mai ƙarfi, sannan ta lafa. Muryoyin da ake ji kamar na taron mutum ɗari na mutum uku ne kacal, Mercury da May da Taylor, suka yi ta ɗora murya kan murya a tef. An ce musu rediyo ba za ta sa waƙa mai wannan tsawon ba, sai Kenny Everett na gidan rediyon Capital ya yi ta sa ta a ƙarshen mako guda, ta kuma yi mako tara tana ta ɗaya a Birtaniya. Tana ƙarewa a faifan sai Another One Bites the Dust ta Deacon ta shigo, wadda kusan ba komai a cikinta sai bes da ganga busassa. Deacon ya sha zama da 'yan ƙungiyar Chic, kuma duk mai kunne zai ji ƙanshin kiɗansu a ciki. Gidajen rediyon baƙaƙen fata a Amurka sun rungume ta, Michael Jackson ne ma ya ba su shawarar su fitar da ita a ƙaramin faifai, ta kuwa kai ta ɗaya a Amurka a 1980. Wanda bai sani ba zai rantse ƙungiyoyi biyu ne.

Haka abin yake tafiya har ƙarshe. Killer Queen ta 1974 waƙa ce ta yanga da kwarkwasa. Somebody to Love ta 1976 kiɗan coci ne irin na baƙaƙen Amurka, don Mercury masoyin Aretha Franklin ne. Crazy Little Thing Called Love, wadda ya rubuta a wani otel a birnin Munich na Jamus, kwaikwayon salon Elvis Presley ce, ita ce kuma ta fara kai su matsayi na ɗaya a Amurka. Flash daga fim aka ɗauko ta, har da maganganun 'yan wasa a ciki. Ba a jera su bisa shekarun fitowarsu ba, kuma wannan dabara ce mai kyau: an jera su ne yadda kunne ba zai gaji ba, mai nauyi ta bi mai sauƙi, mai sauri ta bi mai sanyi.

An rufe da biyun da ko wanda bai taɓa jin sunan Queen ba ya san su, muddin yana zuwa gidan kallon ƙwallo: We Will Rock You da We Are the Champions, dukkansu na 1977. Ta farkon tana da tarihi mai daɗi. Bayan wani wasa da suka yi a Bingley Hall da ke Stafford, jama'a suka ƙi tafiya, suka ɗauki You'll Never Walk Alone, waƙar magoya bayan Liverpool, suna rera musu. May ya koma yana tunanin me mutum zai iya yi alhali yana matse cikin dubban mutane, ya ga ba abin da ya wuce buga ƙafa da tafi. A kan haka ya gina waƙar, minti biyu, babu ganga a cikinta ko kaɗan, sai jita a can ƙarshe. A Birtaniya ma a bayan faifai aka sa ta, ɗayar ce a gaba. Ƙungiyar da ke rubuta waƙa da niyyar mutum dubu hamsin su amsa, ai waƙa ɗaya-ɗaya take ginawa, kowacce ta tsaya da ƙafarta.

Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba. Cikin waƙoƙi 17 ɗin nan, ɗaya ce tak ta taɓa kai matsayi na ɗaya a Birtaniya, wato Bohemian Rhapsody. Huɗu sun tsaya a na biyu, wasu ko goman farko ba su shiga ba. Don't Stop Me Now, wadda yau ake sa ta a biki da talla da fim ba iyaka, na tara ta tsaya a Birtaniya, a Amurka kuwa ta 86. Wato a 1979 ba wata gagarumar waƙa ba ce. Zamanta a cikin wannan kundi, yana juyawa a gidaje da motoci shekara da shekaru, yana cikin abin da ya ɗaga ta. Mutane suna zaton tarin fitattun waƙoƙi rahoto ne na abin da ya riga ya shahara. Sau da yawa shi ne ke yanke hukuncin abin da za a tuna, waƙar da ta shiga ta rayu, wadda aka bari a waje ta zama ta masana kaɗai.

Kuma “fitattu” ɗin ma ya danganta da inda kake. Kundin da aka sayar a Amurka bai yi daidai da na Birtaniya ba: an cire wasu, an sa Keep Yourself Alive da Under Pressure, wadda suka yi da David Bowie. Ita Under Pressure a watan Oktoban nan ta fito, ta zama waƙarsu ta biyu da ta kai na ɗaya a Birtaniya, amma kundin gida bai same ta ba. Na Japan yana da Teo Torriatte, wadda aka rera wani ɓangarenta da Japananci. Na Kudancin Amurka yana da Love of My Life, don a Ajantina da Burazil, inda suka cika filayen ƙwallo a farkon 1981, jama'a ne ke karɓe waƙar daga bakin Mercury su rera ta da kansu. Duk wanda ya taɓa miƙa wa mai tura waƙoƙi waya a kasuwa ya ce a zuba masa na Shata ya san wannan: abin da za a zuba maka shi ne abin da mutanen wajen suka fi tambaya, ba lallai abin da mawaƙin ya fi alfahari da shi ba.

Yanzu ga inda masu suka suke da gaskiya. Kundin ya sauya wa Queen kamanni. Wanda bai san su ba sai ta nan zai ɗauka ƙungiyar nishaɗi ce mai waƙoƙin minti uku-uku, alhali a farkonsu makaɗan rok ne masu nauyin gaske. Kundinsu na farko, na 1973, babu ko waƙa ɗaya daga cikinsa a bugun Birtaniya. Queen II na 1974, wanda da yawa daga cikin tsofaffin masoyansu suke ɗauka shi ne gwaninta, waƙa ɗaya kawai ya samu, Seven Seas of Rhye, ita ma don ita ce ta fara shigar da su goman farko. Babu The March of the Black Queen, wadda a cikinta aka fara gwada dabarun da suka haifi Bohemian Rhapsody. Babu The Prophet's Song mai fiye da minti takwas. Babu Stone Cold Crazy, mai gudun da ya sa Metallica suka sake rera ta har suka ci kyautar Grammy da ita. Ko Tie Your Mother Down, wadda suka daɗe suna kaɗawa a dandamali, ba ta samu shiga ba don ba ta yi kasuwa a jadawali ba.

Rabon waƙoƙin ma ya nuna haka. Goma na Mercury ne, biyar na May, biyu na Deacon. Taylor bai samu ko ɗaya ba, duk da cewa yana da waƙa a kusan kowane kundi. Kada dai a tausaya masa da yawa: waƙarsa ta mota ce aka sa a bayan faifan Bohemian Rhapsody, kuma a ƙa'idar lokacin marubucin baya yana samun kaso daidai da na gaba, abin da ya daɗe yana ci wa sauran rai. Sai a 1984, da Radio Ga Ga, ya samu tasa fitacciyar.

Akwai kuma asarar sauti. Fuskar faifan garmaho tana ɗaukar kamar minti ashirin zuwa ashirin da biyu cikin walwala. Wannan kundi kusan awa ɗaya ne, wato an cusa kusan minti talatin a kowace fuska. Ba a yin haka sai an matse layukan da allura ke bi, kuma idan aka matse su ƙara tana raguwa, kaurin bes ma ya ragu. Wasu waƙoƙin kuma gajeren bugun rediyo aka sa, kamar Fat Bottomed Girls da aka datse. Zuwan faifan CD ya magance matsalar matsi, amma datsewar tana nan.

Da a ce wata ƙungiyar aka yi wa haka, da ɓarnar ta fi yawa. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, waƙoƙinsa suna shiga juna ba tsayawa, ciro ɗaya yana nufin yanke ta a tsakiyar numfashi. Da kamfaninsu ya haɗa musu tari a wannan shekara ta 1981, sunan da aka sa masa, A Collection of Great Dance Songs, ba'a ce tsagwaronta, don ba mai rawa da kiɗan Pink Floyd. A 2010 har kotu suka kai kamfanin EMI a Landan kan sayar da waƙoƙinsu ɗaya-ɗaya a intanet, suka kuma yi nasara, ko da yake daga baya sun sasanta sun yarda. Led Zeppelin, ƙarƙashin manajansu Peter Grant, ba sa fitar da ƙananan faifai a Birtaniya a zamaninsu, kuma Stairway to Heaven, waƙarsu mafi shahara, ba a sayar da ita ita kaɗai ba: in kana so, ka sayi kundin duka. AC/DC kuwa sun daɗe suna ƙin yin tarin fitattu, iyaka dai su ba masu fim wasu waƙoƙi. A wurin irin waɗannan, ƙorafin Don Henley daidai ne. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane tari ita ce: ƙungiyar nan waƙa take ginawa ko kundi? Queen, ABBA, Creedence Clearwater Revival, duk masu ginin waƙa ne, shi ya sa tarinsu ya fi yawancin kundayensu na asali daɗin sauraro daga farko zuwa ƙarshe.

Alƙaluman ciniki na baya-bayan nan kuwa sai an yi hattara da su. Tun 2015 jadawalin kundaye na Birtaniya ya fara lissafa sauraro ta intanet a matsayin ciniki, hukumar RIAA ta Amurka ma ta bi a 2016, tana ɗaukar sauraro 1,500 daidai da sayar da kundi ɗaya. Wannan tsari yana fifita tari ƙwarai, don wanda ya danna waƙa ɗaya a wayarsa bai ma san daga wane kundi take ba, amma lissafin yakan faɗa kan tarin da ke ɗauke da ita. A 2018 ne aka sake ƙidayar tarin Eagles, ya tashi daga miliyan 29 zuwa 38, ya wuce Thriller na Michael Jackson mai 33 a lokacin. A Amurka ke nan kaɗai, a duniya Thriller ne har yanzu ake ɗauka a gaba. Shi ma miliyan na bakwai na Queen akwai sauraron intanet a cikinsa, kuma ya zo ne bayan fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, wanda Rami Malek ya ci kyautar Oscar da shi, ya jawo matasan da aka haifa bayan mutuwar Mercury. Amma miliyan shidan farko an kai su ne tun kafin a sauya ƙa'ida, da faifai da kaset da CD da mutane suka zaro kuɗi suka saya.

Queen sun sake gwada sa'arsu sau biyu. Greatest Hits II ya fito a ƙarshen Oktoban 1991, saura ƙasa da wata ɗaya Mercury ya mutu ranar 24 ga Nuwamba. Shi ma waƙoƙi 17 ne, ya ƙunshi shekaru goman da suka biyo baya, har da Under Pressure da aka rasa a na farko, da Radio Ga Ga, da I Want to Break Free, da The Show Must Go On, wadda Mercury ya rera yana cikin tsananin rashin lafiya. A wannan zangon ma tarin ya fi yi musu rana, don kundayensu na shekarun 1980 suna da waƙoƙin cike gurbi da yawa, kuma tsince masu kyan ya rufa musu asiri. Sai dai bai kai na farko bambancin salo ba, na'urar haɗa sauti ta lantarki, wato synthesizer, ta mamaye shi, alhali a shekarun 1970 har rubutawa suke a bangon kundi cewa ba su yi amfani da ita ba.

Na uku, na 1999, shi ne ya nuna iyakar abin. Fitattun sun riga sun ƙare, sai aka cike da waƙoƙin da Mercury da May suka yi su kaɗai, da wasannin dandamali inda Elton John da George Michael suka rera a madadin mamacin, da wani sabon haɗi da Wyclef Jean ya yi wa Another One Bites the Dust. Yawancin waɗanda suka mallake shi sun same shi ne a cikin kwalin The Platinum Collection na 2000, inda aka ɗaure shi tare da biyun farko.